Rasuwar Shuɗi, Bargon Dokinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yan yatsun da basilla ta gama hudawa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar bargon dokinmu, wanda aka fi sani da Shuɗi, duk da cewa an daɗe rabon da wani ya ga shuɗi a jikinsa. Ya rasu ranar Asabar ɗin da ta wuce da hantsi, a cikin injin wanki na shagon da Yaya yake aiki, bayan doguwar jinya da gajeren wanka. Ni ce autar gidan, ni ce kuma mai jinyarsa. Ban iya dogon bayani a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuta, don kada in yi ta maimaitawa a bakin ƙofa ina kallon ƙasa.

Ga waɗanda ba su yi zamani da marigayin ba, bargo ne mai kauri da ake lulluɓa wa doki lokacin sanyi da ruwan sama. Yana da ɗamara biyu da ke bi ta ƙarƙashin ciki, da maɗauri ɗaya a ƙirji. Ba mu san asalinsa ba. A gwanjo Baba ya samo shi, shekarar da ya sayi Dattijo, dokin da ya yi ta jan keken kayansa har muka girma. Ko a wancan lokacin marigayin ya riga ya ga duniya. Ya shigo gidanmu da yaga ɗaya a kafaɗa da warin wani dokin da ba mu sani ba, kuma bai taɓa ba mu labarin rayuwarsa ta baya ba.

Ya kamata in faɗi abin da ya sa wannan rashi ya fi ƙarfin rashin bargo. Tun da Baba ya koma ɗaukar kaya da babur mai ƙafa uku, Dattijo ya ajiye aiki. Yana tsaye a rumfarsa ta bayan gida, yana ci, yana tunani. Da sanyi ya kama sai tari ya taso masa, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Likitan dabbobi ya duba shi ya ce kada a kuskura a bar shi ya kwana a buɗe. Baba ya tafi kasuwa ya tambayi kuɗin sabon bargo. Da ya dawo bai ko cire takalmi ba, ya tsaya a tsakar gida ya tara mu.

"Ku zama shaida," ya ce. "Ba zan saya wa tsohon doki sabon bargo ba. Ranar da aka jefar da bargon nan, ranar dokin nan zai bar gidan nan."

Wanda ya san Baba ya san ba ya janye magana. Ya taɓa cewa ba zai sake taka shagon mai kayan masarufi na bakin layinmu ba, kuma har yau daga waje yake tsayawa yana nuna abin da yake so da yatsa. Kowa kuma ya san inda ake kai tsohon dokin da ba ya iya jan kaya. Tun daga ranar, ran Dattijo ya rataya a jikin Shuɗi, ran Shuɗi kuma ya rataya a bakin basillata.

Marigayi ya kasance mai haƙuri da sauƙin kai. Bai taɓa raina ƙyalle ba. Duk abin da aka ɗinka masa ya karɓa da hannu biyu, ko da yake ba shi da hannu. A kafaɗarsa ta dama akwai ƙafar wandon Baba. A gadon bayansa akwai zanen Mama mai ganye-ganye. Ƙugunsa rigar lemar Kaka ce, wadda ta yi ta nema har ta haƙura. A gefen hagu akwai buhun shinkafa da rubutunsa a kife, kusa da shi kuma rigar makarantata ta firamare, wadda ta fi daɗewa a jikin doki a kan yadda ta daɗe a jikina. Ɗamara ɗaya bel ɗin tsohuwar mota ce, ɗayar kuma hannun jakar Yaya. Idan Dattijo ya juya a rana, kamar duk gidanmu ne ya fito shan iska.

Ya kasance mai karɓar baƙi. Kyanwarmu a cikinsa ta haihu. Kaji sun yi ƙwai a naɗinsa. Ɓera ma ya taɓa zama a cikinsa da iyalinsa wani lokacin zafi, ya bar mana tagogi uku, kafin mu koyi ajiye shi a cikin ganga mai murfi tare da kafur. Ni ma ya karɓe ni. Duk ranar da falo ya cika da baƙi, ana cewa "ina autar, ta zo ta gaishe mu", sai a tarar marigayin ya samu sabuwar yaga da ba za ta iya jira ba. Bai taɓa tona mini asiri ba.

Ya kuma kasance malami. A wurinsa na koyi cewa ba a yanka faci da kusurwa mai tsini, domin kusurwar ce ƙusa take fara kamawa. A wurinsa na koyi yin faci biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, da barin ƙullin zare ta waje don kada ya goge wa doki fata. Na koyi cewa murfin kwalba yana kare yatsa idan basilla ta ƙi shiga. Na koyi cewa ba a shanya shi a tsakiyar rana, kuma buroshi da haƙuri sun ishe shi tsafta. Babban darasinsa kuwa shi ne na kyandir. Idan an gama ɗinki, sai a goga guntun kyandir a kan zaren da facin, a ɗora takarda, a bi da dutsen guga mai ɗumi har kakin ya narke ya shige. Ruwan sama ba ya ratsa wurin. Shekara da shekaru haka muke yi masa, har ya kai idan an cire shi daga bayan Dattijo aka ajiye a ƙasa, yakan tsaya da kansa da siffar doki. Kaka ta taɓa gaishe shi.

Game da tattalin da ya yi wa gidanmu, Baba ne ya fi kowa shaida. Duk lokacin da na gama faci, sai ya zo ya shafa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Kun gani? Mun sake tsira da kuɗinmu." Gaskiya ne. Sai dai wandon nan da ke kafaɗa bai mutu ba lokacin da aka yanka shi, dole aka ɗinka wa Baba wani. Dutsen gugar Mama ya sha kaki har ya lalata mata mayafin fita, aka sayi wani dutsen da wani mayafin. An saya wa Kaka sabuwar lema. Kyandir kuwa, Baba yakan sayo shi kwali guda ya kakkarya da hannunsa don ya zama guntaye, saboda ya ce guntu ne ake amfani da shi, ba sabo ba. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan wuri ɗaya ya duba, kuma muna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su fara.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne, amma muna tuna muryarsa. Da safe idan Dattijo ya girgiza, ƙarfen maɗaurinsa yakan ce ƙyal, ƙyal, mu san an wayi gari lafiya a rumfa. Idan ana naɗe shi yakan ce ƙaƙas, ƙaƙas, kamar gwiwar Kaka. Idan kuwa Dattijo ya samu ƙusa a jikin turke yana susa, sai mu ji kyaaat daga falo. Duk abin da ke hannuna nakan ajiye. Baba yakan ɗaga kai ya dube ni, ni ma in dube shi.

Jinyarsa ta ƙarshe ta fara ne a hankali. Facin ya fi asalin ƙyallen ƙarfi, saboda haka duk inda na ɗinka, gefensa ne yake yagewa. In bi gefen da wani facin, sai gefen wancan ya buɗe. A ƙarshe abin da ya rage na Shuɗi na asali bai wuce siraran hanyoyi tsakanin faci da faci ba, su ma kaki da ƙura da gashin doki ne suke riƙe da su. Ba mu san haka ba a lokacin. Mu dai mun ga yana tsaye da ƙarfinsa, muka ce jiki ya yi kyau.

Sai kuma maganar wari. Ba zan ɓoye ba, marigayi yana da wari. Mu mun saba, amma ranar da na fito da shi daga ganga don shirin sanyi, Mama ta rufe tagar falo ta ce ko dai a wanke shi, ko ita ta bar gidan. Baba ya fara lissafin sabulu. Nan Yaya ya sa baki.

"Ku bar wahalar da kanku," ya ce. "Ranar Asabar da safe babu aiki sosai a shago. In jefa shi a babban inji, ruwan zafi, kumfa, komai. Kyauta."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta kashe shi. Baba ya ce Allah ya yi wa Yaya albarka. Mama ta buɗe taga. Ni kaina na ji daɗi, na ce bawan Allah zai samu wankan da bai taɓa samu ba a rayuwarsa. Da hannuna na naɗe shi, na ɗora a babur, na bi su har shagon don in ga fitowarsa.

Ya shiga injin da ƙyar, sai da Yaya ya tura shi da gwiwa. Da aka kunna, ta cikin gilashin na ga yana juyawa yana cewa dum, dum, dum, da nauyi irin na manya. Ruwan ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya koma baƙi. Can sai dum ɗin ya ragu ya koma fal, fal, fal, kamar ana wanke ƙananan kaya. Yaya ya ce alamar datti ya fita ne. Kalmarsa ta ƙarshe da na ji ita ce ƙyal, sau ɗaya, lokacin da ƙarfen maɗaurin ya bugi gilashi shi kaɗai, ba tare da komai a jikinsa ba.

Da aka buɗe ƙofar, ba bargo ne ya fito ba. Ƙafar wandon Baba ce ta fara fitowa, tsaf da ita. Sai zanen Mama, ganyensa ya fito kore kamar sabo. Sai rigar lemar Kaka, sai buhun shinkafa, sai rigar makarantata. Ruwan zafi ya narkar da kakin shekaru, kumfa ta tafi da ƙurar, asalin ƙyallen kuma ya bi ruwa ya fita ta bututu. Kayan kowa ya ware daban, an raba gado tun kafin a sanar da mutuwa. Yaya ya daɗe yana kallon cikin injin, sannan ya ce, "Amma fa ya fita tas." Shi ma ya samu rabonsa, domin kakin ya daskare a jikin injin, ya wuni a durƙushe yana kankarewa da cokali, mai shagon yana tsaye a kansa.

Mun dawo da gawar a cikin bokiti. Na shimfiɗa ta a ƙasan rumfa, na jera kowane yanki inda na san yake, na yi ta ƙoƙari har yamma. Babu abin da zan ɗinka su a jiki. Faci sai da abin da za a yi wa facin. Dattijo ya sunkuyo ya shinshina, bai gane shi ba saboda ƙamshin sabulu, ya juya kai. A nan na haƙura.

Marigayi ya rasu ya bar Dattijo, abokin zamansa, wanda bai san abin da ake ciki ba. Ya bar ɗamara biyu da ƙarfen maɗauri ɗaya, duk suna cikin ƙoshin lafiya. Ya bar basilla, da murfin kwalba, da rabin kwalin kyandir da aka riga aka kakkarya. Ya bar kyanwa da 'ya'yanta da jikokinta. Ya bar ganga mai murfi, wadda yanzu babu kowa a cikinta sai warinsa. Ya bar ni.

Labarin mutuwa ba ya jiran sanarwa. Ranar Litinin da safe dillalin dabbobi ya yi sallama, da igiya a kafaɗarsa. Ya daɗe yana jiran ranar nan, domin duk layinmu an san maganar da Baba ya yi. Baba ya kai shi rumfa. Ni ina bayan ƙofa da buroshi a hannu. Dillalin ya buɗe bakin Dattijo ya leƙa, ya ɗaga ƙafarsa, ya buga masa haƙarƙari, ya yi tsaki kaɗan irin na mai son rage kuɗi.

"Maigida, taimakonka zan yi," ya ce. "Wannan ko sanyin bana ba zai fita ba."

Baba ya juya wajen Dattijo. Ya daɗe yana kallon dokin. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Auta, ina bargon?"

"Yana cikin bokiti, Baba."

"An jefar da shi?"

"A'a."

"To, Malam, ka ji da kunnenka. Cewa na yi ranar da aka jefar."

Dillalin ya leƙa bokitin, ya ɗaga ƙafar wandon da yatsa biyu. "Haba Maigida. Wannan ai tsumma ne."

"Tsummana ne. Ajiye mini wandona."

"To yaushe za a jefar?"

"Za a sanar da kai," in ji Baba, ya raka shi har waje da igiyarsa.

Sai dai gawa ba ta maganin sanyi. A yammacin ranar iska ta juya, Dattijo ya yi tarinsa na farko na bana, muna zaune muna cin abinci. Ba wanda ya ƙara loma. Washegari da safe na tarar da Baba a rumfa yana auna bayan doki da tafin hannu, daga wuya zuwa wutsiya, bakinsa yana motsi. Daga nan ya wuce falo hannunsa a buɗe don kada awon ya zube, ya durƙusa a kan kafet ya ci gaba. Mama ta shigo da shayi ta same shi yana jan kujera.

"Malam, me kake aunawa?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ya sa ka ja kujera?"

"Kafet ɗin nan ya tsufa. Ƙura kawai yake tarawa."

"Bara ka saye shi. Ya kuma fi sabon bargon doki tsada, ni na raka ka."

"Na ce ba zan sayi bargo ba," Baba ya ce, yana kallon ƙasa. "Ban kuma saya ba."

Mama ta ajiye shayin. Ta dubi kafet ɗin, ta dubi Baba a durƙushe da furfurarsa. A daidai lokacin Dattijo ya sake tari daga bayan gida. Ta shiga ɗaki, na ɗauka kuka za ta yi, sai ta fito da babban almakashinta da tsohon zanen gado ta miƙo mini.

"Ungo, Auta. Ki sa masa wannan ta ciki, bayan kafet ɗin yana da kaushi. Ki kuma daidaita furen ya zauna a tsakiyar baya. In za a yi abin kunya, a yi shi da kyau."

Na yanka, na ɗinka, na mayar da ɗamarun marigayi da ƙarfensa. Tun ranar Laraba Dattijo yake tsaye da jan fure a gadon baya, tarin kuma ya lafa. Baba ya gargaɗe mu kada wanda ya kira abin bargo. Kafet ne, ya ce, wuri kawai ya canza.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Gawar tana nan cikin bokitinta, a rataye a ƙusa a saman rumfa, inda hannun mai shara ba ya kaiwa. Muna roƙon jama'a, musamman masu son gyara gidan mutane, kada kowa ya taɓa bokitin nan, kada kuma ya taimaka mana da zubar da shi. Za a binne marigayi a bayan gida, gindin bishiyar lemo, a ranar da Baba zai sa. Ya ce yanzu ƙasa ta yi tauri, a jira damina. Yaya ya tambaye shi idan damina ta zo fa, ya ce ai ba a haƙa a cikin laka. Duk wanda ya haɗu da dillali ya isar masa da wannan, ya kuma ce masa an ɗauke masa wahalar zuwa.

Ana karɓar ta'aziyya kullum da la'asar a falonmu. Mama ce za ta karɓa, ni ina bayan gida idan an neme ni, amma ba sai an neme ni ba. Masu zuwa su taho da abin zama, domin siminti ne zalla kuma yana da sanyi. Wanda ya saba da kafet ɗinmu yake kewarsa, yana iya zagayawa rumfa ya gan shi, sai dai kada ya zauna a kai.